Shin Ko Kun San? Wutar da Ke Kwance Tsakanin Tiga da Falgore

Shin ko kun san cewa a watan Oktoban 2024, layin wuta da ya faɗi tsakanin jihar Enugu da jihar Binuwai ne ya tsayar da injin niƙa a Kiru, ya narkar da ƙanƙarar masu shago a Tudun Wada? Tun kafin lokacin ɓata-gari sun lalata layin Shiroro zuwa Mando a Kaduna, wanda shi ne babbar hanyar wutar Arewa. Sai aka rataya komai a kan hanya guda, wadda ta taso daga Ugwuaji ta bi ta Apir kusa da Makurɗi ta hau Jos. Da ita ma ta faɗi, jihohin Arewa da dama suka yi fiye da mako guda cikin duhu. Mai walda ya rufe rumfa, mai cajin waya ya ƙara kuɗi, asibitoci suka koma kan janareta. Abin da muka rasa a kwanakin nan shi masana ke kira tsaron makamashi: a samu wuta da mai ba yankewa, kuma a farashin da talaka zai iya biya.

Shin ko kun san cewa mafi yawan wutar da ke shiga babban layin ƙasa, kusan kashi uku cikin huɗu ko fiye, da iskar gas ake samar da ita, kuma tashoshin gas ɗin kusan duk suna Kudu? Mafi yawan ragowar daga madatsun ruwa na Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru take zuwa, duka a jihar Neja ko bakin iyakarta. Wutar da taransifomar unguwarku ke sha ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita kafin ta sauka a babbar tashar Kumbotso ko ta Kwanar Dangora, sannan kamfanin rarraba wuta na KEDCO ya raba. Mutum fiye da miliyan 200 ne kuma ke rabon abin da yawanci bai wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba.

Shin ko kun san cewa a shekarar da ƙasashen Yamma suka farka kan wannan magana, a ita ce aka gama Dam ɗin Tiga? A 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka hana Amurka da wasu ƙawayenta fetur, farashi ya ninka kusan sau huɗu. A 1974 ƙasashen da abin ya ƙona suka kafa hukumar makamashi ta duniya mai mazauni a Paris, suka ɗora wa kansu ajiye man ko-ta-kwana, wanda daga baya aka kai shi na kwana 90. A wannan shekarar ce, a nan ƙasar Bebeji, gwamnatin Audu Bako ta kammala tare Kogin Kano bayan aikin da aka fara a 1971, daidai lokacin da fari ya addabi yankin Sahel. Su can sun tara mai a tankuna, mu nan mun tara ruwa a bayan ganuwar ƙasa mai tsawon kusan kilomita 6 da tsayin mita 48. An gina tafkin ne don ya ɗauki ruwa kusan kubik mita biliyan 2, ya kuma shimfiɗu a kan murabba'in kilomita 178 idan ya cika.

Shin ko kun san cewa babban aikin tsimin makamashi da aka taɓa yi a jihar Kano ba shi da waya ko ɗaya? Ruwan da ke barin Tiga zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam da ƙafarsa yake tafiya. Gangare ne ke jansa ta babbar hanyar ruwa, ya ratsa Ruwan Kanya, ya rarrabu zuwa ƙananan magudanai har bakin gona. Dubban hekta na shinkafa da alkama da tumatir da albasa na sha ba tare da an ƙona lita guda don tura ruwan ba. Ku ƙiyasta man da za a sha da a ce injin ban ruwa ne ke ɗaga wannan ruwa duk rani, shekara hamsin a jere. Shi ya sa idan magudana ta toshe da yashi ko kachala, har manomin ƙarshen layi ya koma haƙa rijiya yana sayen fetur, ni ina ɗaukarsa asarar makamashi kafin ma a zo maganar asarar noma. Yashe magudana daidai yake da sayen mai, sai dai ya fi araha.

Shin ko kun san cewa ruwan Tiga ya yi kusan shekara hamsin yana fita daga dam bai juya injin wuta ba? Sai a zangon mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu aka ba da aikin tashar lantarki ta megawat 10 a Tiga, tare da wata a Dam ɗin Challawa da ke Ƙaraye. Aikin ya ja lokaci, sai a ƙarshen mulkin Abdullahi Umar Ganduje aka kai ga gwajin injina. Kamfanin jiha mai suna KHEDCO ne ke riƙe da tashar, kuma abin da aka tsara shi ne wutar ta tafi matatar ruwa ta Tamburawa da fitilun titin birnin Kano. Dabarar kuwa mai sauƙi ce: ruwa ya faɗo daga tudu, ya bugi farfela, farfela ta juya injin, sannan ruwan ya ci gaba da tafiyarsa zuwa gona. Injin ba ya shan ko ɗigo. Ruwan da ya kunna fitila da asuba shi ne zai shayar da albasa da hantsi. Iyakar abin lura, ƙarfin wutar ya dogara ne ga yawan ruwan da aka saki da kuma tsayin ruwan da ke cikin tafki. Don haka dole mai kula da injin ya zauna teburi ɗaya da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, da manoman rani, da ma mutanen Haɗeja da Nguru, waɗanda fadamarsu ta ragu tun da aka tare kogin.

Shin ko kun san cewa a watan Agustan 1988 Dam ɗin Bagauda, shi ma a Bebeji, ya ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, ya ci gidaje da gonaki da rayuka? Bayan haka, a 1992, aka rage tsayin mafitar ambaliya ta Tiga don kare lafiyar ganuwar, abin da ya rage yawan ruwan da tafkin ke iya riƙewa. Ganuwar ƙasa tana son a riƙa dubata kamar yadda ake duba katangar gida kafin damina.

Yanzu ga wadda ta fi damuna. Shin ko kun san cewa tashar wutar Tiga a dajin Falgore ta fara? Kogin Kano yana tasowa ne daga gindin tsaunukan da suka haɗe da tudun Jos, ya ratso dajin da ya mamaye sassan Doguwa da Tudun Wada da Sumaila, kafin ya zube a tafki. Dajin ya kusa murabba'in kilomita dubu, kuma tun zamanin Turawa aka keɓe shi da sunan dajin Kogin Kano. Wannan kusurwa ta fi ko'ina a jihar samun ruwan sama, fiye da milimita 1,000 a shekara. Bishiya da ciyawa su ne ke tare ruwan, su sa ya nutse a ƙasa ya riƙa tsattsafowa a hankali. Idan aka share su, ruwa sai ya zo da gudu lokaci ɗaya, ya kwashi ƙasa da yashi ya kai cikin dam. Yashin nan ba ya fita. Kowace damina yana ƙara kwanciya a ƙasan tafki, yana cin gurbin ruwa. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Jos ta Tudun Wada da Doguwa ya ga tarin itace da buhunan gawayi a bakin titi suna jiran motar birni. Ban ga laifin mai sara shi kaɗai ba, domin ciki ne ya kai shi, kuma murhunmu na birni ne ya aike shi. Amma gaskiya ɗaya ce: motar gawayi da ta fito daga gefen Falgore ta ɗebi wani abu daga ruwan Kadawa, da famfon Kano, da wutar Tiga.

Shin ko kun san cewa murhun duwatsu uku yana zubar da mafi yawan zafin itacen da aka sa masa? Abin da ke isa gindin tukunya bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba. Sauran iska ce ke kwashewa, ko ya tashi a hayaƙi ya shiga idon uwargida da ƙirjin jaririn da ke bayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida yana kashe mutum kimanin miliyan 3 a shekara a faɗin duniya. Murhun da aka kewaye da yumɓu ko ƙarfe, aka bar masa ƙofa ɗaya ta iska, yana iya rage cin itace da rabi. Akwai wani na ƙarfe mai suna Save80 da aka daɗe ana yaɗawa a Arewa, wanda aka raɗa masa sunan saboda masu shi sun ce yana rage kashi 80 cikin ɗari na itace. Maginan tukwane na ƙauyukanmu za su iya gina na yumɓu da ƙasar bayan gari. Idan makarantun kwana da masu tuyar ƙosai da gidajen burodi da mata masu turara shinkafa suka fara, su da ke cin itace da mota-mota, dajin zai ji sauƙi tun kafin a zo kan gidaje.

Shin ko kun san cewa shinkafa na zuwa da itacen dafa kanta? Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera ɓuntu ne. A garuruwan shinkafa irin Tudun Wada za ka ga tsibinsa a bayan injin casa, wani lokaci ana cinna masa wuta don a rabu da shi. A Indiya da Tailan da ɓuntun nan ake tafasa tukunyar turara shinkafa, har a juya injin wuta da shi. Ana kuma matse shi ya zama curi mai ci kamar gawayi. Haka totuwar masarar Doguwa.

Shin ko kun san cewa ana iya gina wata Tiga ba tare da an tare kogi ba? Ga lissafin, ku bi shi da alƙalami. Tsohon ƙwan lantarki mai zafi yana cin wat 60. Ƙwan LED mai ba da haske daidai da shi yana cin kusan wat 9. Bambancin wat 51 ne. Idan gida 100,000 kowanne ya canja ƙwai biyu, an rage wat miliyan 10 da ɗoriya a lokacin magariba, lokacin da layi ya fi shan wuya. Megawat 10 ke nan, daidai da ƙarfin tashar Tiga. A juya lissafin ta wata fuskar: wutar Tiga za ta kunna tsofaffin ƙwai kimanin 166,000, amma na LED fiye da miliyan ɗaya. Masu binciken Japan uku da suka gano shuɗin hasken da ya buɗe wannan hanya, Akasaki da Amano da Nakamura, sun karɓi kyautar Nobel a 2014. Hukumar makamashi ta duniya ma tsimi take sa wa a gaba a jerin hanyoyin samun makamashi, don wutar da ba ka ƙona ba babu mai sare mata turke a daji. Sai dai tsimi ba ya kama jiki inda babu mita. Wanda ake kawo wa takardar kuɗi ta ƙiyasi, ko ya kashe fitila ko ya bari da rana tsaka kuɗinsa ɗaya ne, to me zai sa ya kashe? Mita ita ce matakin farko, kuma haƙƙin mai biya ce.

Shin ko kun san cewa Najeriya na da rubutacciyar manufa kan duk wannan tun 2015? A shekarar ce gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan makamashi mai sabuntawa da tsimin makamashi. Daga baya aka ɗora burin samar da megawat 30,000 zuwa 2030, kashi 30 cikin ɗari daga ruwa da rana da iska da makamantansu. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato kuwa tun shekarun 1980 take ƙera murhu mai tsimi da na'urar busar da amfanin gona da zafin rana. Takarda da bincike ba su yi mana ƙaranci ba. Abin da ya rage shi ne su sauka daga kan tebur su isa garuruwa irin su Yako da Gwarmai da Burji.

Shin ko kun san cewa ranar da muke gudu a watan Afrilu dukiya ce da mutanen bakin teku ba su kai mu samu ba? A ƙasar Kano kowace murabba'in mita na karɓar hasken da ya kai kimanin kilowat-awa 6 a yini, a bakin teku kuwa kusan 4. Farashin farantin sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020. A Satumban 2019 aka buɗe tashar megawat 7.1 a Jami'ar Bayero, mai haɗa sola da batir da janareta. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe ta megawat 10 a Kumbotso, kusa da masana'antun Challawa, a kan fili mai kimanin hekta 24. Ku riƙe wannan adadi. Tafkin Tiga, a girman da aka gina shi, hekta 17,800 ne. Kashi ɗaya cikin ɗari nasa hekta 178 ke nan, ninki bakwai na filin Kumbotso. Gana ta riga ta shimfiɗa farantan sola masu yawo a kan ruwan Dam ɗin Bui. Ruwa na sanyaya faranti ya ƙara ƙarfi, faranti na yi wa ruwa inuwa ya rage ƙafewa, ba a kuma karɓe gonar kowa ba. Da rana sola ta yi aiki, da dare a saki ruwa, tafki ya zama shi ne batir. A ganina wannan ya cancanci a zauna a yi masa nazari na gaske, da masuntan Tiga a wurin zaman, domin su suka san inda kifi ke kwana da inda kwalekwale ke bi.

Shin ko kun san cewa ranar 29 ga Mayun 2023 ta canja lissafin noman rani? Ranar ce Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Manomin fadama da ke ban ruwa da injin fetur ya ga riba na ƙonewa a tanki. Wasu suka juya injinsu ya koma shan gas ɗin girki, wasu suka sayi na sola. Kyan injin ban ruwa na sola shi ne ba ya bukatar batir, wanda shi ne ɓangare mafi tsada kuma mafi saurin mutuwa. Lokacin da shuka ta fi jin ƙishi, lokacin ne rana ta fi ƙarfi. Matsalarsa kuɗin farko, wanda ya fi ƙarfin ƙaramin manomi idan aka ce ya biya a dunƙule. A nan ne ƙungiyar manoma da bashin da ake biya bayan girbi za su yi amfani fiye da rabon kyauta na ranar siyasa. A kuma tuna da ƙurar hunturu: farantin da ya yi makonni ba a goge ba yana rage ƙarfi sosai, tsumma mai laushi da ɗan ruwa da sassafe sun wadatar.

Shin ko kun san cewa kuzar Riruwai na da dangantaka da farantin sola? Siraran wayoyin tagulla da ke haɗa ƙwayoyin faranti da dalma ake shafe su, dalmar da kuza ce ginshiƙinta. Mutanen Riruwai, hedikwatar Doguwa ta yau, sun narka kuza sun sayar wa fatake tun kafin zuwan Turawa. Kuza ce kuma ta kawo wutar ruwa ta farko a Najeriya: a 1923 aka kafa ƙaramar tasha a Kwall a tudun Jos don ma'adinai, sannan kamfanin NESCO da aka kafa a 1929 ya gina ta Kurra. Ƙananan tashoshin nan sun yi shekaru da dama suna ba yankinsu wuta a lokacin da babban layi ke faɗuwa yana tashi.

Shin ko kun san cewa 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun ɗanɗana wannan darasi kafin mu? Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a farkon Agusta, alhali kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin ƙasar daga nan yake zuwa. Ba a mayar ba sai a Maris ɗin 2024. Cikin wannan tsakani ne tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 ta fara aiki kusa da Yamai, ta rage wa birnin raɗaɗi.

Shin ko kun san cewa doka ta daina ɗaure hannun jihohi? A Maris ɗin 2023 aka gyara kundin tsarin mulki, a Yuni kuma aka sa hannu kan sabuwar dokar lantarki, wadda ta ba jiha damar samar da wuta, ta yi jigilarta, ta raba, ta kuma kafa hukumar da za ta sa ido a kasuwarta. Enugu da Ondo da Ekiti na cikin na farko da suka karɓi wannan iko a 2024. A Kano, gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta kafa ma'aikata ta musamman kan lantarki da makamashi mai sabuntawa. A 2016 kuma aka fitar da ƙa'idar ƙaramin layin wuta na gari guda, wadda ta ba ɗan kasuwa damar kafa shi da izini idan bai wuce megawat ɗaya ba, ko ya tsaya shi kaɗai ko ya jingina da layin kamfanin rarraba wuta. An yi irinsa a Zawaciki ta ƙaramar hukumar Kumbotso. Wuraren da irin wannan ke tsayawa da ƙafarsa su ne inda ake cin wuta da rana ana biya: kasuwa, injinan casa, 'yan walda, masu firij. Kwanar Dangora na da su, Tudun Wada na da su, garin Tiga na da masu kifin da ke bukatar ƙanƙara. Ina kuma da ra'ayin da ba zan ɓoye ba: mutanen da aka tasa daga gonakinsu da kufansu don a yi tafki, da waɗanda ake roƙo su bar dajin Falgore ya tsaya, su ya kamata a fara ware wa kaso daga wutar da ruwan nan ya haifa, a rubuce cikin yarjejeniya. A fara da firij ɗin allurar rigakafi da fitilar ɗakin haihuwa a asibitocin karkara na ƙananan hukumomin da ke kewaye da Tiga da Falgore, a kuma koya wa ɗaliban kwalejin fasaha ta Bagauda haɗa sola da gyaranta, don idan inbata ta lalace a Riruwai kada a jira mai gyara ya taso daga Sabon Garin Kano.